Ma'aunin Damuwa na Spielberger da Matsalar Mayar da Shi Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi aikin Charles Spielberger (1927–2013), masanin halayyar ɗan Adam a fannin kula da masu lalurar tunani, wanda ya yi koyarwa a Jami'ar Kudancin Florida ta Amurka. Abin da ya jawo hankalinmu gare shi shi ne, binciken da ya yi a kan damuwa ya tsallaka daga asibiti ya shigo fagen nazarin harshe.

2.0 Ra'in da Ma'aunin

Spielberger ya ɗora ne bisa tunanin Cattell, ya raba damuwa gida biyu. Akwai ta yanayi, wadda kan taso wa mutum saboda wani abu, sannan ta kwanta. Akwai kuma ta ɗabi'a, wato saurin ganin haɗari a abubuwan da wasu ba su ɗauka da nauyi ba. A 1970, shi da Gorsuch da Lushene suka fitar da ma'aunin da ake kira STAI, aka sabunta shi a 1983. Jimloli 40 ne: 20 suna tambayar yadda mutum yake ji a wannan lokaci, 20 kuma yadda ya saba ji. Kowace jimla tana da matakan amsa 4.

Wannan rabe-rabe ya yi tasiri ga masu nazarin koyon harshe. Horwitz da abokan aikinta sun jingina da bayanin Spielberger a 1986, sa'ad da suka tsara ma'aunin fargabar da ɗalibi kan shiga a ajin koyon baƙon harshe.

3.0 Matsalar Fassara

Da aka zo fassara ma'aunin zuwa Sifaniyanci, an tarar harshen yana da aikatau biyu, estar da ser, masu bambanta hali mai wucewa da mai ɗorewa. Hausa ma ba ta rasa hanya ba. A dubi waɗannan misalai:

(1) Ina jin tsoro.
(2) Nakan ji tsoro.
(3) Ni matsoraci ne.

Jimla ta (1) tana cikin lokaci mai ci, ta dace da damuwar yanayi. Ta (2) lokaci sabau ce, ta dace da ta ɗabi'a. Ta (3) kuwa, mai ɗafa-goshin ma-, ita ma ɗabi'a take nunawa, sai dai zagi ce; da wuya magidanci ya amsa ta a gaban baƙo, ko da kuwa gaskiya ce. Mai fassarar da ya zaɓe ta ya ɓata sakamakon tun kafin a fara tambaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kalmomi. Tsoro yana da abin da ake jin sa a kai. Fargaba da zullumi suna kallon abin da bai auku ba tukuna, don haka su suka fi kusa da manufar Spielberger. Damuwa, wadda muka yi amfani da ita a nan don rashin wadda ta fi ta, ta yi faɗi ainun, har baƙin ciki da talauci tana ɗauka. Sannan Bahaushe ya fi ɗora abin a kan jiki: gabana yana faɗuwa, hantar cikina ta kaɗa. Irin wannan ne ya sa Peter Ebigbo ya tsara nasa ma'aunin a Inugu a 1982, wanda ya dogara da koke-koken jiki kamar zafi a ka da jin wani abu yana tafiya a jiki.

A ɗauki Digil, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse. Ma'aikacin lafiya da zai auna matar da ta ga wannan gudu da Hausa zai tambaye ta, alhali mai yiwuwa Fulatanci ko Gude ne harshenta na farko. Idan ya ce, "Inna, kina da damuwa?" tana iya ba shi labarin tsadar hatsi. Idan ya ce, "Gabanki yakan faɗi?" ya fi kusa da jin abin da ke hana ta barci, kuma -kan ɗin nan ce za ta nuna masa ko abin na yau ne ko ya zauna mata.