Koyon Ingilishi a Tahoua: Haddar kalma daban, sanin wurin ajiye ta daban

A watan Maris na 2025 ne gwamnatin Nijar ta fitar da sabon kundin tafiyar da mulki, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga mutanen Tahoua da sauran ƙasar Adar, waɗanda suka yi suna wajen tafiya bida zuwa Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa, buƙatar Ingilishi ba baƙuwa ba ce. Mai kai albasar Galmi kasuwar Accra ko Kumasi, da ɗalibin da ke son ƙaro karatu a Sakkwato ta hanyar Birnin Ƙonni da Illela, duk da wannan harshe za su yi mu'amala.

Sai dai yaro a Nijar yakan fara Ingilishi ne bayan ya shiga kwaleji, wato bayan shekara shida yana karatu da Faransanci. Abin da akasari ake yi shi ne a rubuta kalma, a sa fassararta a gefe, a haddace don jarrabawa. A nan gizo ke saƙar.

Gaskiya ne Faransanci jari ne babba. Tun daga 1066, lokacin da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi, kalmomin Faransanci suka kwarara cikin Ingilishi, har masana na ƙiyasta sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmominsa. Amma kama da wane ba ta wane. Kalmar “library” ɗakin karatu ce, alhali “librairie” shagon sayar da littattafai ne. “Attend” na nufin halarta, “attendre” kuwa jira. “Actually” na nufin a haƙiƙa, ba “actuellement” ba da ke nufin a halin yanzu. Ɗalibin da ya dogara da kamannin rubutu kawai zai iya rubuta wasiƙar neman aiki ya ce wani abu, a karanta wani abu dabam.

Ita ma Hausa ta ba mai koyo nata jarin, domin direba da tasha da birki da tela duk daga Ingilishi aka aro su. Amma su ma sukan sauya ma'ana a hanya. Kanti ya samo asali daga “canteen”, wadda a yau ke nufin wurin cin abinci a makaranta ko ma'aikata. Likita daga “doctor” ne, amma a Nijar har asibitin kansa akan kira shi likita.

Babbar matsalar ita ce yadda kalma ke zama da 'yan uwanta. Mai karatu ya duba kalmar sha. Bahaushe na shan ruwa, da magani, da taba, da wahala, amma Ingilishi na buƙatar kalma huɗu: “drink”, “take”, “smoke” da “suffer”. Haka kuma inda muke cewa yi, Bafaranshe ya ce “faire”, mai Ingilishi sai ya zaɓa: kuskure “make” ake yi masa, aikin gida kuma “do”.

To mece ce mafita? Da farko, kada a rubuta kalma ita kaɗai, a rubuta ta cikin jimlar da aka tsince ta. Na biyu, a fara da kalmomin yau da kullum. Jerin da Michael West ya wallafa a 1953 mai kalma kusan 2,000 ya ƙunshi kimanin kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ake cin karo da su a rubutu na gama-gari. Na uku, a nemi ƙamus mai misalai, irin na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta fitar a 1990. Na huɗu, a riƙa komawa kan kalmar bayan kwana ɗaya, bayan mako, bayan wata, sannan a ƙirƙiri jimla da ita a kan abin da aka sani, ko farashin buhun albasa ne.

Ga malamai a kwaleji da lise, da ɗaliban jami'ar Tahoua da aka kafa a 2010, kalma biyar a rana da aka iya amfani da su sun fi hamsin da aka haddace aka manta bayan jarrabawa. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.