Sabunta Izinin Likita Ba Buga Hatimi Ba Ne

Takardar digiri tana nuna abin da likita ya karanta a baya, ba ta nuna yadda hannunsa yake aiki yau. Shi ya sa asibitoci ke sake tantance likitocinsu lokaci zuwa lokaci. A Amurka, dokar 1986 ta kafa rumbun bayanai na ƙasa inda ake adana hukuncin da aka yi wa likitoci, kuma wajibi ne asibiti ya duba shi lokacin ɗaukar likita da kuma duk bayan shekara biyu.

Duk da haka, Christopher Duntsch, likitan tiyatar ƙashin baya a yankin Dallas ta jihar Texas, ya yi ta sauya asibiti tsakanin 2011 da 2013. Ya raunata mutane fiye da 30, biyu suka rasu. Asibitin farko ya bar shi ya ajiye aiki salin-alin, aka bar kaza cikin gashinta. Na biyu ya ba shi izinin wucin gadi tun bincike bai kammala ba. Sai a 2017 kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai.

Kuskure na farko da asibitoci ke yi wajen tantance likita shi ne dogaro da kwafin takardun da likita ya kawo da hannunsa. Kamata ya yi a tuntuɓi jami'ar da ta yaye shi da hukumar da ta ba shi lasisi kai tsaye. A Najeriya, hukumar MDCN ce ke sabunta lasisin likita kowace shekara, don haka lasisin bara ba hujja ba ce bana.

Na biyu, rashin bin diddigin tarihin aiki. Idan akwai watannin da likita bai faɗi inda yake ba, a tambaya, a kuma kira inda ya baro.

Na uku ya fi wuya: kunyar abokin aiki. Kamata ya yi kwamitin tantancewa ya duba sakamakon tiyatocinsa, koke-koken majiyyata da abin da ma'aikatan jinya suka gani, ba daɗewarsa a asibitin ba. A kuma taƙaita izininsa ga ayyukan da ya nuna ƙwarewa a kansu.

Majiyyacin da aka yi wa allurar barci ba shi da halin binciken mai riƙe da wuƙa. Amanar wannan bincike tana wuyan asibiti.