Djibo Bakary, Ɗan Ƙwadagon da Ya Ce wa Faransa A'a

A Randagi, ko a kowane gari na ƙasar Birnin Gwari, in aka furta kalmar Sawaba a gaban dattijon da ya ga siyasar jamhuriya ta farko, hankalinsa jam'iyyar NEPU zai tafi. Zai tuna Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, da takardar manufofin da 'yan NEPU suka fitar a Kano a 1950 suka raɗa mata wannan suna. Amma a hayin iyaka, a ƙasar Nijar, Sawaba sunan jam'iyya ce sukutum, kuma jagoranta shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe ragamar gwamnatin ƙasar, tun Faransawa ba su tattara nasu ya nasu ba. Sunansa Djibo Bakary, kuma daga ƙungiyar ƙwadago ya fito.

An haife shi a 1922 a Sudure, kusa da Yamai. Bazabarme ne, amma a Tawa ya yi ƙuruciyarsa, don haka Hausa ta zauna a bakinsa, abin da ya amfane shi daga baya a dandalin siyasa. Ya yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawu na yankunan da ta mallaka, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Alli bai daɗe a hannunsa ba. A 1947 ya zama sakataren jam'iyyar PPN, reshen babbar jam'iyyar RDA a Nijar, tare da ɗan'uwansa Diori Hamani. Da shugabannin RDA suka raba gari da 'yan gurguzun Faransa suka nemi sasantawa da gwamnatin mulkin mallaka, Djibo ya ƙi bin su, ya bar jam'iyyar.

Nan ne ya koma wajen ma'aikata. Nijar ta lokacin ba ta da masana'antu na a zo a gani, saboda haka wanda ke son kafa ƙungiyar ƙwadago sai ya bi mutane inda suke: ma'aikatan lambu, magina, direbobin manyan motoci da yaransu, 'yan dako, teloli, masu aikin gidan waya, boyi-boyin Turawa. Waɗannan su ne talakawan birni da ba su da sarki a bayansu, ba su kuma da takardar makaranta a aljihu. Faransa ta kafa dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka a 1952, amma rubuta doka daban, aiki da ita daban, kuma a fafutukar tilasta wa masu ɗaukar aiki bin ta ne sunan Djibo ya fito. Direbobin nan kuwa sun yi masa rana, domin su ne suka riƙa kai saƙon jam'iyya daga tasha zuwa tasha, daga Yamai har Maraɗi da Damagaram, a zamanin da rediyo sai gidan wane da wane. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da kirarinta, Sawaba.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1956 ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen Maris 1957 shi da abokan ƙawancensa suka samu rinjaye a majalisa, a watan Mayu ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati. Gwamna Bafaranshe ne shugaba a takarda, amma aikin firayim minista Djibo ke yi, kuma a Yulin 1958 aka ba shi shugabancin kai tsaye. A wannan shekara ta 1957 ɗin ce wani tsohon malamin makaranta, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya zama firayim minista a Legas.

Mulkin Djibo bai kai shekara ɗaya da rabi ba, kuma ba duka ne ya tafi daidai ba. Ya tuɓe rawunan wasu sarakuna, ya tsorata sauran, alhali ƙuri'ar karkara a hannunsu take. Wannan gaggawa ce ta buɗe ƙofar da abokan gabansa suka shigo ta ciki.

A ranar 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle na Faransa ya sa aka yi ƙuri'ar raba gardama: ƙasa ta ce i ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko ta ce a'a ta karɓi 'yancinta nan take ba tare da tallafi ba. Shugabannin gwamnati biyu ne a Afirka ta Yamma suka kira jama'arsu su ce a'a, Sekou Toure na Gini da Djibo Bakary, kuma dukansu 'yan ƙwadago ne. Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta shirya sakin Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya inda ake gwabza yaƙin neman 'yanci. Aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka jawo sarakuna, aka matsa wa 'yan Sawaba lamba. Sakamakon hukuma ya ba masu i kusan kashi 78 cikin ɗari, duk da cewa akasarin masu rajista ba su ma fito ba. A watan Oktoba Djibo ya sauka, a Disamba Diori ya hau, a 1959 aka haramta Sawaba. Ranar da Nijar ta samu 'yanci, 3 ga Agusta 1960, mutumin da ya fara neman 'yancin yana gudun hijira.

Abin da ya biyo baya ba abin alfahari ba ne ga kowane ɓangare. 'Yan Sawaba da yawa sun fake a Kano, inda 'yan NEPU suka karɓe su. Wasu sun samu horon soja a Ghana da Aljeriya da Sin, suka kutsa Nijar da makamai a ƙarshen 1964, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi, ya tsira. Gidajen yari suka cika. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya bi tsofaffin 'yan jam'iyyar gida-gida yana jin ta bakinsu, ya fitar da babban littafi a kan wannan zamani a 2013.

Djibo ya komo gida bayan Seyni Kountché ya kifar da Diori a 1974, amma shekara guda kawai aka yi aka kama shi, ya kwashe shekaru a tsare. Da siyasar jam'iyyu ta dawo ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, ƙuri'un da ya samu ba su taka kara sun karya ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Tafawa Ɓalewa yana da hubbare a Bauchi da masu ziyara ke zuwa, da jami'a, da hoto a takardar naira biyar. Djibo kuwa an daɗe ana kauce wa sunansa a bukukuwan gwamnati. Sai a 2021, zamanin Mahamadou Issoufou, aka buɗe gada a kan kogin Kwara a Farié, cikin jihar Tilaberi, aka sa mata sunansa. Kafin ta, motocin da ke kan hanyar Tera a jirgin fito suke haye ruwan. Yanzu direbobin manyan motoci, jikokin waɗanda suka yi masa yawon yaɗa Sawaba, a kan Gadar Djibo Bakary suke wucewa da lodinsu.