Gurbi Daban, Sifili Daban: Yadda Ake Fitar da Matsakaici

Tun muna ƙaramar sakandare aka koya mana fitar da matsakaici: a tara lambobi, a raba da yawansu. To, idan wata lamba ba ta samu ba fa?

Mu ɗauki misali. Ɗaliba a Tsafe ta ci maki 70, 60 da 80 a gwaji uku, ranar na huɗu zazzaɓi ya kwantar da ita. Jimilla 210 ke nan. Idan aka rubuta mata sifili, sai a raba da 4, a samu 52.5. Idan aka tsallake gurbin, a raba da 3, a samu 70. Sifili na nufin ta zauna gwajin ba ta ci komai ba. Gurbi kuwa na nufin ba a auna ta ba.

A Zamfara wannan ba baƙon abu ba ne. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe makarantu saboda matsalar tsaro, kuma duk makon da ɗalibi bai shiga aji ba, gurbi ne a rajista.

Kwamfuta ma ta san bambancin. A manhajar Excel, umarnin AVERAGE yana tsallake gidan da ba a cike ba, amma yana ƙirga wanda aka sa wa sifili. Masu aiki da yaren Python kuwa suna sa alamar NaN a gurbi, su yi amfani da nanmean na NumPy, domin mean zai dawo musu da NaN ne kawai.

Sai dai tsallakewa ma tana da tarko. Agusta ne watan da ruwa ya fi sauka a yankinmu. A ce ma'aunin ruwan sama a Gusau ya lalace a watan, muka tsallake shi: matsakaicin watannin damina zai faɗi, manomin Bungudu da ya dogara da lissafin ya ɗauka an yi ƙarancin ruwa. Haka ma ɗalibin da ya guje wa gwaji mai wuya da gangan, tsallakewa za ta ɗaga masa maki a banza.

Saboda haka kafin mu raba, mu tambayi kanmu: lambobi nawa ne babu, kuma me ya hana su samuwa? Sannan mu rubuta yawan waɗanda muka yi aiki da su kusa da amsar. Ku duba katin sakamakonku na zangon da ya wuce. Idan kun ga sifili a gwajin da ba ku zauna ba, ku tambayi malamin ajinku cikin ladabi yadda aka lissafa.