Yashi Mai Tafasa Ba Wuta: Yadda Kwamfuta Ke Leƙa Cikin Tukunyar Matatar Mai

Duk wanda ya taɓa ganin mata suna shiƙar gero a ƙauyukan Roni bayan sussuka, ya ga wata ƙa'ida ta kimiyya da idonsa. Tsaba takan faɗo ƙasa saboda nauyinta, ƙaiƙayi kuwa iska ta yi gaba da shi. Wato kowace ƙwaya tana tsakanin abu biyu ne: nauyin da ke jan ta ƙasa, da ƙarfin iskar da ke tura ta.

To, da za a zuba busasshen yashi a cikin bututu, a hura masa iska ta ƙasa, me zai faru? Da farko iskar za ta ratsa ta wuce. Amma da zarar ƙarfinta ya yi daidai da nauyin yashin, sai ƙwayoyin su saki juna, yashin ya kumbura, ya dinga ɓararraka tamkar ruwa a bisa murhu. Tsakuwa ta nutse a cikinsa, ƙwallon roba ya taso sama. Amfanin wannan hali shi ne zafi yakan game ko'ina daidai, kuma iska takan taɓa kowace ƙwaya.

Wani Bajamushe, Fritz Winkler, shi ya fara amfani da wannan dabara wajen samar da gas daga kwal, aka gina tukunyarsa ta farko a 1926. A 1942 kuma matatar Baton Rouge ta Amurka ta soma fasa mai mai kauri da ita domin samun fetur. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 an gina ta da irin wannan sashe. A cikinsa tururin mai kan haɗu da wani lallausan gari mai gaggauta aiki, a zafin da ya kai digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, kuma cikin 'yan daƙiƙu an gama. Farar ƙasa na cikin abubuwan da ake haɗa garin da su, shi ya sa masana a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bincike a kan farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina.

Sai dai akwai matsala. Tukunyar ta ƙarfe ce, ba mai iya leƙa cikinta, kuma abin da ya yi kyau a ƙaramin bututun gwaji ba lalle ne ya yi kyau a babba ba. A babbar tukunya kumfar iska kan haɗu ta yi girma, ta tsere sama ba tare da ta taɓa garin ba. Wannan na cikin abin da ya karya wata masana'antar mai a Brownsville ta Amurka, wadda aka rufe a 1957 bayan an yi hasarar dukiya mai yawa.

A nan ne na'ura mai ƙwaƙwalwa ta shigo. Akan raba cikin tukunyar zuwa dubban ƙananan akwatuna a lissafe, sa'an nan kwamfuta ta auna gudun iska da matsinta a kowane akwati, ta maimaita sau dubbai domin daƙiƙa guda ta aiki. Game da ƙwayoyin kuwa, hanya biyu ce. Ta farko, wadda Anderson da Jackson suka aza harsashinta a 1967, ita ce a ɗauki garin duka tamkar wani ruwa da ke cuɗanya da iska. Ta biyu, wadda Tsuji da abokan aikinsa na Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna a 1993, ita ce a bi kowace ƙwaya ɗai-ɗai, har da karon da take yi da 'yan'uwanta. Wannan ta fi bayyana gaskiyar abin da ke faruwa, amma tana da wahala, domin cokalin shayi guda na garin matata ya ƙunshi ƙwaya fiye da miliyan 10. Kowace hanya aka bi, tilas a gwada sakamakonta da awon gaske kafin a amince da shi.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan da robar ruwa, da ƙyalle a ɗaure a gindinta bayan an yanke shi, da tankaɗaɗɗen yashi, da zugazugin maƙera. In an gama da yashi, a gwada garin alkama. Za a ga ya dunƙule, iska ta huda rami ta fice. Ɗalibin da ya tambayi dalilin haka ya kama hanyar Derek Geldart, wanda a 1973 ya kasa gari gida huɗu bisa ga girman ƙwaya da nauyinta, kuma har yau injiniyoyi na aiki da wannan rabo.