Ƙaurin Suna da Ciniki: Daga Wasan Kwamfuta zuwa Finafinan Kano

Hausa ta bambanta suna iri biyu. Akwai farin jini, watau mutane su so abu don daɗinsa. Akwai kuma ƙaurin suna. Asalin ƙauri shi ne warin abin da ya ƙone, wanda kan jawo mutane su leƙa madafa, amma ba ya sa su ci ƙonannen tuwo. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar yadda surutun jaridu kan taɓa cinikin wasannin kwamfuta, waɗanda samari ke kira gem, tun daga Amurka har ƙauyuka irin su Ɗankaza ta ƙasar Wudil.

Cikin 1993 aka fitar da wasan Mortal Kombat na bugawa a gida. Kamfanin Nintendo ya cire jinin da ke cikinsa, Sega kuwa ya bar hanyar bayyana shi, sai na Sega ya fi ciniki. A watan Disamba na shekarar Majalisar Dattawan Amurka ta zauna kan maganar, har cikin 1994 aka kafa hukumar da ke tsara wasanni bisa ga shekarun masu bugawa. Sa'an nan a 1997 masu sayar da Grand Theft Auto suka ɗauki Max Clifford, gwanin sarrafa jaridun Ingila, don ya hura wutar sukar wasan da gangan. Sukar ta zama talla.

Amma fa ƙauri na da iyaka. Cikin 2005 aka tono wani ɓoyayyen sashe na batsa a wasan San Andreas, aka mai da shi na manya zalla, manyan kantuna irin su Walmart suka janye shi. Daga bisani, a 2009, kamfanin Take-Two ya amince da sulhun dala miliyan 20 da masu hannun jarinsa. Watau surutu kan ƙara ciniki ne muddin ƙofar kanti na buɗe. In ta rufe, sai ya koma hasara.

A ƙasar Kano ba a wasan kwamfuta aka ga wannan al'amari ba, a fim da waƙa aka gan shi. Bayan abin kunyar da ya girgiza masu fim a 2007, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda faifan Bahaushiya. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi karatunsa a Wudil, ɗaurin wata biyu kan fim ɗin Ibro Aloko. Ɗaurin bai rage shi da kome ba wurin jama'a har rasuwarsa a Disamban 2014, domin farin jininsa ya riga ƙaurin zuwa. Waƙoƙin da aka hana a 2009 kuwa, sai suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ba ko kwabo.

Nan ne kasuwar Hausa ta sha bamban da ta Turai. Saurayin Ɗankaza da ya ji ana zagin wani gem ko wata waƙa, ba kanti zai nufa ba. Wurin mai turi zai je, ko abokinsa ya tura masa. Sunan abin ya watsu, amma ribar ta tsaya hannun mai turi, ba ta kai ga mai aikin ba.

To, malamin da ke horon ɗalibai kan karanta jarida ya kyautu ya koya musu tambayoyi uku duk sa'ad da aka ta da ƙura kan wani abin sayarwa: wa ya kunna wutar, ƙofar kasuwa na buɗe ko a rufe, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? Hausawa sun ce suna linzami ne, amma ba kullum mai doki ke riƙe da shi ba.