Cin Abinci Sau Ɗaya a Yini: Ina Ƙarfin Manomi Yake Tafiya?

Ƴan'uwa manoma, idan damina ta tsaya, daga watan Yuni zuwa Satumba, hatsi yakan yi ƙasa a rumbu. A ƙauyukan gundumomin Magariya da Dungas, cikin jihar Damagaram, gidaje da dama sukan koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. A daidai wannan lokaci ne kuma noma yake neman ƙarfi. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. To, bari mu duba abin da ci sau ɗaya yake yi wa jiki.

Mene ne kalori?

Yadda ake auna hatsi da tiya, haka likitoci suke auna ƙarfin da ke cikin abinci. Sunan ma'aunin kalori. Kilo guda na hatsi yana ɗauke da kalori kamar 3500. Tiya guda, wadda ta kai kilo 2 da rabi, tana da kusan 9000. Masu rabon cimaka a lokacin yunwa suna lissafa kalori 2100 ga kowane mutum a yini. Ke nan tiya guda abincin mutum huɗu ce. Amma namiji mai wuni yana noma yana bukatar kamar 3000. Mace mai daka, mai ɗibar ruwa da itace, tana bukatar fiye da 2000. Idan tana shayarwa, a ƙara mata kamar 500.

Yadda rama take shigowa

A ce manomi ya ci tuwon rabin kilo na hatsi da miyar kuka ba mai, bai sake cin komai ba sai gobe. Ya samu kalori kamar 1800. Saura 1200 bai samu ba. Jiki ba ya yafe wannan bashi, daga kitsensa yake cirewa. Giɓin kalori kamar 7700 shi ke cinye kilo guda na kitse. Saboda haka wannan manomi yana iya rage kusan kilo guda a mako. Idan kitse ya yi ƙaranci, sai jiki ya koma cin tsoka. Daga nan sai kasala da jiri, kuma gonar da ake nomewa a kwana uku ta ɗauki biyar.

A biranen Turai da Amurka akwai masu ƙiba da suke cin abinci sau ɗaya da gangan don su rame. Ko su ma, ba yawan lokutan ci ne yake ramar da su ba. Jimlar abin da ya shiga ciki ce ta kasa abin da jiki ya ƙona. Su suna da kitsen ajiya. Manomin da ya fito daga bazara ba shi da shi.

Yaro ba babba ba ne

Babban mutum yana iya cika cikinsa da tuwo mai yawa a zama ɗaya. Yaro ba ya iyawa. Cikin ɗan shekara guda bai wuce kofi ɗaya ba. Ko an ajiye masa akushi cike, ba zai ci abin da zai ishe shi yini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini, ban da nono. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4.

Mun ga abin da tamowa take yi. A shekarar 2005, lokacin ƙarancin cimaka, ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya. A watan Satumba na 2018 ta bayyana cewa yara kamar 10 suna rasuwa kowace rana a asibitin garin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa.

Abin da za mu iya yi

Idan tukunya ɗaya ce ta samu, a ware rabon yara, da mai ciki, da mai shayarwa tun kafin a raba. A kasa na yaro kashi uku ko huɗu, a rufe shi, a ɗumama sosai kafin a ba shi.

A yi kunun yaro da kauri, a zuba masa garin ƙuli-ƙuli ko na wake. Babban cokali ɗaya na man gujiya yana da kalori kamar 120. Ganyen zogala da tafasa da yakuwa suna gyara jiki, amma ƙarfinsu kaɗan ne, ba su maye gurbin hatsi.

Mai tafiya gona ya rage wani abu don safe, ko da fura ce.

A riƙa auna damtsen yaro da zaren awo. Idan ya nuna rawaya ko ja, ko ƙafafu suka kumbura, a kai shi likita a ranar.

In kaka ta yi, kafin a kai hatsi kasuwa, maigida da uwargida su zauna su lissafa bakunan gida da tiyoyin da za su kai su wata kaka. Hatsin da aka sayar da araha a Nuwamba, shi ake nema da tsada a Agusta.